Ranar da rana ta ƙaryata agogon masallacinmu

Ko zan manta da komai na ƙuruciyata a Madarunfa, ban da wani yammacin azumi da mahaifina ya kira sallar magariba alhali rana ba ta faɗi ba.

Baba ne ladanin unguwarmu tun kafin a haife ni, kuma da ido yake aikinsa: ya hau dakali, ya dubi yamma, sannan ya kira. Sai wani alhaji mai motocin hanyar Ɗan Issa ya kawo wa masallaci agogon zamani, wanda ke karɓar lokaci ta rezo, wato hanyar sadarwar waya, ya saita kansa. Aka yi ta yabonsa, wai ba ya kuskure. Sannu a hankali Baba ya daina hawa dakalin.

Ran nan hadari ya rufe yamma. Agogo ya yi ƙara, Baba ya kira, muka kai dabino baki, muka bi da kunu. Ina cikin sha gajimare ya yaye, sai ga rana ja wur saman tafkin garinmu. Unguwa guda ta sha ruwa da rana. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji na Baba ba, domin muryarsa kowa ya bi.

Bai ɓuya ba. Ya koma kan lasifika ya ce laifinsa ne, kowa ya rama azumin yau.

Washegari alhajin ya kirawo wani mai gyara daga Maraɗi. Ya duba, ya ce agogon lafiya lau yake, manhajar cikinsa ce tsohuwa: tana tambayar lokaci ta rezo, kuma duk wanda ya amsa mata sai ta yarda, ba ta bincikar ko wane ne. Wani ya aiko mata lokacin ƙarya. Ko da gangan ne ko ɓarnar 'yan kutse ce ta biyo ta kanmu, har yau ba mu sani ba.

Na ce wa Baba ai ga shi an wanke shi. Ya girgiza kai.

"Ɗiyata, mi aka wanke? Agogon ya yarda da wanda bai sani ba, ni na yarda da shi. Ni ke da ido."

An sabunta manhajar, agogon na nan rataye. Amma har ƙarfinsa ya ƙare, Baba bai sake kiran magariba ba sai ya hau dakalin nan. Daga gare shi na koyi cewa duk abin da jama'a za su dogara da kai a kansa, ka san inda ka samo shi kafin ka buɗe baki.