Gilashin da ke sauka da kansa

Wata tsohuwa ta dafa motata kamar ta ga ɗan'uwanta.

A garin Greensboro ne, shekarun 1980, ina ɗalibi. Wani coci ya shirya baje kolin tsofaffin motoci kyauta, ko akwala gare ka ka kawo. Na kai tawa, wadda gilashin gefen mai zaman banza ke sauka da kansa, har makanikai suka gaji.

Na ce, "Mama, kin san ta ne?"

Ta ce, "Ta marigayi mijina ce. Ka daina rufe masa gilashi, ba ya son zafi."

Wallahi ban faɗa wa kowa zancen gilashin ba. Muna tsaye ya sauka.

Tun ranar sai na yi sallama nake shiga.

Ku da kun ƙara hawanta?