Shafin da Berend Ya Yanke

Aaltje Brummelkamp ba ta iya karanta ko baiti ɗaya na Latin ba, amma duk garinmu na bakin kogin IJssel ba wanda ya kai ta sanin tsohon littafi. Shekara arba'in tana ɗinkin littattafai a shagon da ta gada daga mahaifinta Berend. Bakinta kamar reza. In ka kuskura ka lashi yatsa za ka buɗe shafi a gabanta, ranar sai ka yi da-na-sanin fitowa. Mutum ɗaya ne bakin nan bai taɓa kamawa ba, wato Berend. Ya daɗe a ƙasa, amma kullum zancenta "Baba ya ce", "Baba ba ya haka".

Wata safiya a 1986, Sikkema mai kula da tsofaffin littattafan laburaren gari ya jingine kekensa, ya shigo da ƙunshi.

"Iya Aaltje, ga majinyaci na kawo miki. Shekararsa kusan ɗari biyar, sa'anki ne."

"Sa'an kakarka dai. Ajiye, ka janye hannun nan mai maiƙon cuku."

Littafin waƙoƙin Latin ne da aka buga a Venice a 1493, gadon bayansa ya tsage. Abin da Aaltje take karantawa a irinsa shi ne sawun mutane. Ga wani limamin coci, Wessel, ya rubuta sunansa a 1510, har da tsinuwa ga duk wanda ya sace. Ga hatimin wani gidan 'yan zuhudu. Wani likita kuma, da alama waƙoƙin sun gundure shi, ya zana kyanwa a gefen shafi. Daga nan shiru, sai wani lauya da ya yi ƙiba a zamanin mamayar Jamusawa, wanda magadansa suka ba laburare littafin kyauta.

"Tarihin masu littafin nake rubutawa, a nan na maƙale," in ji Sikkema. "An yanke shafin fari. Wa ya riƙe shi kafin lauyan nan?"

Ita kuwa idonta na kan 'yar takardar da ke manne a cikin bango: B. Brummelkamp, 1943. Aikin Baba ne. Har ta ji daɗi.

Da ta ɓare tsohon bangon, sai ta ga wani abu a kogon gadon baya. Cusa tarkacen takarda a nan ba baƙon abu ba ne ga maɗinka, amma da gam ake liƙe shi. Wannan kuwa an naɗe shi a busashe cikin takarda mai santsi. Ta warware a hankali. Shafin farin ne, an yanke shi yanka ɗaya miƙaƙƙe, irin na wuƙar Baba da ke hannunta. A samansa an rubuta: Mozes Vredenburg, malamin Latin, 1921.

Ta san shi. Tana 'yar shekara goma sha huɗu Jamusawa suka loda shi da iyalinsa a jirgin ƙasa tare da sauran Yahudawan gari, zuwa sansanonin da ake kashe su. 'Yarsa Betje ce kaɗai ta dawo.

Kwana uku Aaltje ba ta taɓa littafin ba. Kofi ya huce a gabanta. Abin a fili yake: lauya ya kawo kayan da ba nasa ba, ya ce a goge sunan mai shi, Baba kuma ya goge. Kunya ta kama ta, da haushi, da wani irin kewa. In ta mayar da takardar kogonta ta ɗinke, ba mai ji ba mai gani, sunan Berend ya zauna da tsarkinsa.

Sai dai idonta ya yi ta komawa kan murhun gawayin da ke taku biyu daga tebur, nan inda yake tun tana yarinya. Mai son takarda ta ɓace, ai ga wuta a gefensa. Baba ya san ɗinkinsa bai wuce shekara arba'in zuwa hamsin, ya kuma san wadda za ta gaji shagon.

Ta kira Sikkema ta nuna masa. Ya cire tabarau.

"Iya, kin san dole in rubuta har da wanda ya yanke. Kin san bakin mutanen garin nan."

"Yo ni zan hana ka? Rubuta. Ka dai rubuta inda aka samo shi, in ba haka ba in ɗinke ka da kai."

Sati biyu ta yi tana mayar da shafin gurbinsa da siririyar takarda. Ba ta cire alamar mahaifinta ba, sunayen biyu suka zauna suna kallon juna. Laburare ya yanke shawarar mayar da littafin ga 'yar mai shi, Aaltje ta ce ita za ta kai da hannunta.

Betje ta tsufa, gashi fari fat, tana zaune a wani bene a Zwolle. Ta buɗe bangon, ta ɗora yatsa a kan sunan tana bin haruffan ɗaya bayan ɗaya. Karo na farko ke nan da Aaltje ta ga an taɓa tawada da yatsa ba ta tanka ba.

"Ko hotonsa ba ni da shi," Betje ta ce. "Ashe haka yake ja wa M wutsiya. Na manta." Ta ɗago kai. "Baiwar Allah, wane mugu ne ya yanke wannan?"

"Babana."

"To wa ya adana shi?"

Aaltje ta dube ta.

"Shi ne dai," ta ce.