Danna Sau Biyu

A ofishin 'yan kwana-kwana babu mai kiranta da sunanta na yanka. Uwar Oba-oba ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ita ke riƙe da farar motar nan mai doguwar eriya, wadda ake kaiwa duk inda gobara ta tashi ko gini ya rufta, kwamanda ya zauna a ciki yana ba da umarni. Ba ita ke tuƙi ba. Nata wurin yana baya: ɗan tebur, manyan rediyoyi uku a ɗaure da bango, da akwatin caji mai ramuka arba'in. Kowane rami da oba-obarsa, wato rediyon hannu, kowace oba-oba da lambar da ta rubuta mata da jan-farce.

A shagon babanta ta tashi, mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa. Yayyenta maza uku duk sun gudu daga warin dalma, ita ta zauna. Tsohon ba ya barinta ta taɓa sukudireba sai ta rufe ido ta saurari abin da ke damun rediyon tukuna. Kunnen nan shi ta gada, kuma shi ya kai ta aikin.

Mijinta tela ne, bai gajiya da tsokanarta. "Kina jin motsin ɓera a ɗakin maƙwabta, amma sau uku ina cewa a ba ni shayi ba ki ji ba."

"Na ji mana, Baban yara," ta kan ce. "Jira nake ka ce oba."

Doka ɗaya ta kafa a ofis, kuma a kanta ta sha baƙin jini. Duk wanda zai ɗauki oba-oba da safe sai ya tsaya a ƙofar motar, ya danna madannin magana sau biyu ba tare da ya ce uffan ba. In ta ji ƙat-ƙat a abin da ta saƙala a kunne, sai ta rubuta sunansa da lambar da ya ɗauka. Dalilinta kuwa shi ne, ranar da hayaƙi ya shaƙe mutum, murya takan tafi amma yatsa yana nan. So take hannunsu ya saba.

Wanda ya fi kowa mita shi ne Dogo, wani zabgegen ma'aikaci da bakinsa ba ya hutawa. "Anti, gaisuwar kurame kuma? Ni da ake jiyo ni daga bayan gari?" Ranar da abin ya faru ma sai da ya yi ƙorafi, don lamba sha bakwai ta miƙa masa. Sifirin madanninta ya taɓa karyewa, babu wani a sito, sai ta kwance bironta ta ciro nasa ta sa. Tun daga nan in an danna ta, ƙarar takan ja ɗan wutsiya, ƙat-sss. "An haɗa ni da tsohuwa mai tari," in ji Dogo, ya rataya ta a kafaɗa ya wuce.

Da hantsi aka kira su. Wani katafaren sito ne na katifu da fenti ya kama, ga gidajen mutane jingine da shi. Rana na tsaka rufin ya rufta. Kwamanda ya ce kowa ya fito, shugabannin rukuni biyu suka ƙirga mutanensu, kowanne ya ce nasa sun cika. Sai ya ba mai katafila umarni ya ture bangon baya, don ruwa ya samu hanyar kai wa wutar kafin ta tsallaka gidaje.

Layin rediyo ya cika maƙil. 'Yan sanda na magana, masu motar asibiti na magana, masu tankar ruwa na ihu a ba su hanya. A ƙarƙashin wannan hayaniyar ta ji wani abu ɗan mitsitsi. Ta rufe ido. Ya sake zuwa, da wutsiyarsa.

Ta duba littafinta, ko da yake ta riga ta san sunan da za ta gani.

"Ranka ya daɗe, akwai mutum a ciki. Dogo ne."

"An ƙirga, sun cika," in ji kwamanda, bai ko waiwayo ba.

Ta taga tana hango katafila ta ɗaga baki, ta doshi bangon. Shekara goma sha tara tana aiki ba ta taɓa tsallake maganar na gaba da ita ba. Ta miƙa hannu ta danna babban rediyon da ke danne muryar kowa.

"Kowa ya yi shiru. Na ce kowa. Mai katafila, tsaya cak inda kake."

Kwamanda ya miƙe, ido jawur. "Kin san yawan gidajen da ke bayan bangon nan? Wa ya ba ki izini?"

"Minti ɗaya nake roƙo, ranka ya daɗe. In babu kowa, yau ɗin nan ka karɓi kakina."

Layi ya yi tsit, sai gurnanin janareto. Ta kai baki kusa da rediyon, muryarta ko rawa ba ta yi ba.

"Sha bakwai, in kana jina, danna sau biyu."

Shiru. Zufa ta gangaro mata har haɓa. Kwamanda ya ɗaga hannu zai yi magana, sai lasifikar motar ta amsa: ƙat-sss, ƙat-sss.

"Madalla. Ɗaya a'a, biyu e. Kana kusa da ƙofar gaba?"

Sau ɗaya.

"Kana jikin bangon baya?"

Sau biyu. Kwamanda ya koma ya zauna a hankali, kamar wanda aka zare wa laka. Ashe da safe an ari Dogo daga rukuni na ɗaya zuwa na biyu, kowane shugaba ya ɗauka yana wurin ɗan'uwansa.

Ta ƙofar gefe aka shiga, da hannu aka riƙa janye ƙarafa da kwanon rufi. Minti arba'in aka yi, kuma duk tsawonsu ba ta bar shi ya huta ba. Tana ba masu tono kwatance, tana yi masa faɗa don kada ya suma. "Kai da bakinka ba ya rufuwa, yau ka ga amfanin gaisuwar kurame? Danna in ji!" Shi kuwa yana dannawa. Wutar ta lashe katangar gida biyu kafin a ci ƙarfinta, kuma ba wanda ya sake ta da maganar kaki.

Kwana uku bayan haka ta je asibiti, mijinta na biye da ita da ledar lemo. Dogo na kwance, ƙirji a naɗe, roba a hanci, likita ya ce muryar sai a hankali. Mahaifiyarsa ta taso ta riƙe hannunta biyu tana ta sa albarka, har kunya ta kama Uwar Oba-oba. Sai ta koma ga abin da ta iya.

"Ka dawo mini da rediyo gefe guda a narke. Kuma in ka warke, layi za ka bi kamar kowa. Kana jina?"

Dogo ya laluba kan durowa ya ɗauko cokali. Ya buga ƙarfen gadon sau biyu.

Ba ta taɓa jin alfahari da aikinta irin na wannan lokacin ba. Ta juya ta fuskanci taga don kada a ga idonta, tela kuwa ya zaro hankici ya miƙa mata, yau kam bai tsokane ta ba.