Fetur Cokali Biyu da Sunan Malam Buba

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Malam Buba mai gyaran babur a unguwar Arawa. Ranar addu'ar bana, bayan jama'a sun watse, mu huɗu muka rage a ƙofar gida: ni, da Yakubu mutumin Billiri, abokin sana'arsa tun suna samari, da Modu maƙwabcinmu mai acaba, da Ɗanjuma, wanda ya koyi aiki a hannun marigayi kuma yake riƙe da rumfarsa har yau da sunansa.

Modu da ƙafa ya turo babur ɗinsa. Babur ɗin kaɗai ya tsira da shi da ya gudo daga Barno, da shi yake ci da iyalinsa. Kwana goma ba ya tashi sai da turi, in ya tashi kuma ba ya iya hawan tudu. Ya kai rumfar Malam Buba, aka ce masa inji ya yi nokin, wato ya mutu, sai dai sabo.

Na dubi Ɗanjuma na ce, "Ka buɗe kan injin?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba Dada, wa ke da lokacin wannan yanzu? Canzawa ake yi."

A gabana, a ranar addu'ar mutumin da ya koya masa riƙon sifana!

Shekara talatin ina kai wa Malam abinci rumfa, ina kallo. Bai taɓa yanke wa inji hukunci bai duba ba. Zai taka kik a hankali, in ya ji ya tafi laƙwas, ya ce iska na gudu. Ya cire fulogi ya duba baƙinsa. Ya sa tafin hannu a bakin salansa. Sannan ya kwance kan inji, ya karkata shi, ya zuba fetur kamar cokali biyu a ƙofar bawul, ya zauna ya jira. In ya tsattsafo ta ƙasa, bawul ba ya rufuwa. Sau da yawa ba komai ba ne illa dauɗar hayaƙi da ta daskare a bakinsa kamar ƙanzon tukunya. Sai ya kankare, ya shafa man niƙa, ya yi ta murza bawul ɗin tsakanin tafukansa har ya zauna daidai. Yakan ci wuni a kan wannan, bai taɓa ƙorafi ba.

Da zai dawo yau ya ga rumfunan da suka cika gari daga Barunde har Tumfure, ban san me zai ce ba. Masu gyara sun yi yawa, gyaran ne babu. Kowa ya iya cirewa da ɗaurawa, babu mai haƙurin nemo ciwo. Talakan da ya zo da babur a hannu kuma shi ake yi wa haka, don an san ba zai iya musu ba.

Na ce, "Yakubu, hannunka na aiki?"

Ya ce, "Yana rawa, Dada, amma bai manta ba."

Nan ƙofar gida ya kwance kan injin. Ni na zuba fetur ɗin da hannuna. Ban gama gyara mayafina ba ya tsattsafo. Bakin bawul ya yi baƙi ƙirin, dauɗa ta yi tudu. Yakubu ya kankare, ya niƙa, ya mayar. Bayan la'asar Modu ya taka sau ɗaya, babur ya tashi. Modu sai share fuska yake da hula.

Ɗanjuma ya ce wai yaransa ne suka duba, ba shi ba. Na ce masa Modu ba wurin yaransa ya je ba, sunan Malam Buba ya bi. Abin da mutumin nan ya bar mana ke nan. Bai bar gida biyu ba, bai bar gona ba. Ya bar suna da mutane ke turo babur daga nesa saboda shi.

Washegari da hantsi na tafi rumfar da gwangwanin baƙin mai da tsumma. Allon sunan rumfar na nan a sama da rubutu layi uku. Ban san wane layi ne sunansa ba, don ban yi boko ba. Na taka benci, na shafe duka ukun da baƙin man.