Busasshen Tishun Mala Mai Sumo

Mala mai gyaran sumo bai iya iyo ba. Na fara da wannan ne saboda shi ba zai faɗa muku ba, ni kuwa shekara da shekaru shagon ɗinkina na jingine da nasa a Fagge, bango ɗaya ya raba mu. Ubansa daga bakin tafkin Chadi ya zo Kano fataucin banda, mutumin da aka ce a kwalekwale ya yi wayo. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to wannan ɗan barewar ko kwata zai tsallaka sai ya tattare wando ya yi bisimilla. A Fagge aka haife shi, kuma ruwa mafi zurfi da ya taɓa shiga shi ne wanda ke cika layinmu a watan Agusta.

Duk da haka a ƙarƙashin ruwa Allah ya ajiye masa abincinsa. Sumo shi ne injin nan da ake zurawa can ƙasan bohol ya turo ruwa sama, kuma a garin da famfo ya koma wurin rataye tsumma, mai gyaransa ba ya kwana da yunwa. Tun yana saurayi ya koyi aikin a Sabon Gari. Sana'ar duka magana ɗaya ce: inji yana cikin ruwa, amma kada ruwa ya shiga inji. A nan Mala ya yi suna. In ya yanka roba ya ɗaura, ya shafa giris ya rufe, sai dai inji ya mutu da tsufa, ba dai da shan ruwa ba. Ba shi da gida nasa, ba shi da mota. Sunan nan shi ne dukiyarsa, kuma yana ji da shi har ya wuce misali.

Waya ce ta ja masa. Wata rana ya leƙo shagona yana nuna mini wani tsohon Bature da ya rasa abin yi, yana tuƙa ɗan jirgin ƙarƙashin ruwa da rimot a wurin wanka. Jirgin ya nutse, ya zaga, ya taso.

"Ka gani?" in ji Mala. "Wannan ai sumo ne mai yawo. In wannan tsohon ya iya, ni me zai hana ni?"

Na ce masa abin da zai hana shi iyali ne da hankali. Bai ji ba.

Ya samo bututun roba irin na masu aikin famfo, tsawon kamu ɗaya da ɗan ƙari. Ya cire inji daga motar wasan yara, ya yanko farfela daga murfin gwangwani. Ya saka babban sirinji na masu allurar shanu, wanda in ya zuƙi ruwa jirgi ya yi nauyi ya nutse, in ya fesar ya taso. Kayan duka wurin Ambrose yake saye, abokinsa tun suna koyon aiki, mai shagon kayan lantarki da na wasan yara a Sabon Gari. Ambrose haihuwar can ne, Hausarsa ta fi tawa karin magana, kuma ko sau ɗaya bai ce wa Mala ya bari ba. Mai shago ba ya hana mutum haukan da ake yi da kayan shagonsa.

Wurin gwaji shi ne duron ruwan Yakaka, matarsa, mai haɗa turaren wuta. Gwajin farko jirgi ya kife ya nuna ciki kamar mushen tarwaɗa, sai da aka liƙa masa dalma a ƙasa. Na biyu ya soka kai ya bar gindi a sama. Da aka daidaita wannan, sai rimot ya ƙi. Sabo ne fil, mai tsada, amma da zarar ruwa ya rufe jirgin sai ya zama kurma. Ambrose ya tono masa wani tsoho mai doguwar eriya daga ƙasan kwali, ya ce irin na da ne kawai muryarsa ke ratsa ruwa, ya kuma sayar masa da shi kamar sabo. A watannin nan tuwon gidan Mala ƙanshin giris yake yi.

"Baban Zulfa," Yakaka ta ce wa Mala, ina ji daga zaure, "ruwan nan saye nake wurin 'yan ga-ruwa, ba gadonsa na yi ba. In teku kake so, ka san hanyar tasha."

Babbar matsalar ita ce ruwa na bi ta sandar farfela ya shige ciki. Rannan yana ƙofar shago yana tsiyaye jirgin, sai ga Alhaji Ikrima ya sauko daga adaidaita da sumo a cikin buhu. Alhaji Ikrima shi ke da bohol ɗin da rabin 'yan ga-ruwan unguwa ke ɗiba, kuma shi ne babban mai kawo wa Mala aiki. Ya tsaya yana kallon ruwan da ke zuba daga bututun.

"Malam Mala, wannan wa ya rufe shi?"

"Ni ne, Alhaji. Gwaji nake."

"Kai ka rufe, ruwa ya shiga."

"Ai wasa ne, Alhaji."

"To. Nawa ba na wasa ba ne," in ji Alhaji, ya mai da buhunsa cikin adaidaita.

Kafin magariba labari ya kai Kantin Kwari ya dawo da ƙari. Mutanen da injinsu ya shekara biyar lafiya daga hannun Mala suka fara tuna cewa dama ruwansu na wani irin ɗanɗano. Aiki ya ɗauke. Mu mutanen layin nan haka muke: shekarun da mutum ya yi yana aiki mai kyau ba ma ganinsu, amma kofi ɗaya na ruwa a bututun wasa ba zai wuce mu ba.

Mai hankali da sai ya jefar da abin ya bar maganar ta mutu. Mala ya ce a'a, inda sunansa ya faɗi nan zai ɗauko shi. Ya yi ta yankan roba yana zubarwa har ya dace. Ya koyi cusa farin tishu cikin jirgin kafin ya rufe, in ya fito a jiƙe an san da saura. Ya kuma yi wata dabara da ni kaina ta burge ni: ya rataya wa jirgin ƙarfe a ciki, ya maƙale shi da ƙwayar sukari, yadda ko batir ya mutu, sukari zai narke, ƙarfe ya faɗi, jirgi ya taso da kansa. Da tishu ya yi ta fitowa a bushe daga duron Yakaka, sai ya aika wa Alhaji Ikrima da duk masu baki cewa ran Juma'a bayan la'asar su zo kududdufin bayan layi.

Na ce masa, "Mala, abin da ke kududdufin nan sunansa kawai ruwa." Kore ne shar, kuma duk ledar da aka yar a Fagge can take ritaya. Ya ce ruwa ruwa ne.

Jama'a ta taru, samari sun ɗaga wayoyi. Mala ya cusa tishu a gaban kowa, ya rufe, ya ajiye jirgin a bakin ruwa yana tsaye nesa-nesa. Gaskiya ta yi kyau. Jirgin ya yanka koren ruwan ya yi gaba, ya juyo, ya zuƙi ruwa, ya lume a hankali har ya ɓace. Aka yi tafi. Mala ya danna maɓallin tasowa. Ya sake dannawa. Shiru kake ji, malam ya ci shirwa.

"Ku ɗan jira," ya ce. "Sukarin zai narke."

"A kawo madara da burodi," in ji wani daga baya, aka fashe da dariya.

Wani kuma ya ce ai ɗan masunta ne, ya faɗa ya ɗauko kayansa mana. Mala ya naɗe wando har gwiwa, ya taka zuwa bakin ruwan, ya tsaya. A nan dariya ta ƙare mini, tausayinsa ya kama ni sosai, don na san ba zai iya ƙara taku ɗaya ba. Alhaji Ikrima ya kaɗe babbar riga ya ce Allah ya jiƙan rai, aka watse zuwa sallah. Daga ranar yara suka sa masa Mala Nutso.

Ya kusa mako yana buɗe shago yana kallon titi. Sai aka kwana ana tafka ruwan sama, kududdufi ya cika ya motsa sharar da ke ƙasansa. Da safe mata masu tuyar ƙosai a bakin wurin suka ga wani abu ya ɓullo tsakiyar ruwa, lulluɓe da baƙar leda, yana juyawa a hankali. Suka bar kasko a wuta suka yi ta kansu. Kafin a jawo shi da doguwar gora, taron ya fi na Juma'a, har da Alhaji Ikrima.

Mala ya durƙusa ya nuna wa kowa abin da ya faru. Ledar fiya wata ce ta naɗe farfela ta ɗaure jirgin a jikin shara. Ƙarfen ya daɗe da faɗuwa, sukari ya yi aikinsa. Sannan ya kwance murfi, ya zaro tishun. Fari tas, a bushe ƙayau, har iska na kaɗa shi.

"Kun gani?" ya ce, yana ɗaga tishun sama. "Kwana da kwanaki a ƙasan ruwa. Roba ce da giris, da hannun nan na yanka."

Aka matso ana leƙen tishun. Na ce a raina yau dai gani ya kori ji. Sai na ga Alhaji Ikrima ya ja da baya yana motsa baki.

"Kaya ya kwana a gidan mutanen ɓoye," ya ce a hankali, "su dawo da shi a bushe, har da lulluɓi? Ruwa ba ya tsami banza. Dama ubansa mutumin tafki ne."

Shi ke nan. Kowa ya gyaɗa kai, kamar dama amsar da ake jira ke nan. A yarda cewa maƙwabcinka da kuke shan shayi tare ya ƙware abu ne mai nauyi, amma a ce aljanun ruwa ke tsare masa aiki, wannan ba ya rage wa kowa komai.

Washegari adaidaita suka toshe layinmu. Alhaji Ikrima ya kawo sumo har uku, ya tuɓe takalmi a ƙofar shagon da a da yake tofa goro a ciki. Ana zuwa daga Dawakin Tofa, daga Wudil. Yakaka ta ce gaba ta kai ta, gobarar Titi. Ta kafa tebur a gefen shagon tana sayar da turaren wuta, in an tambaye ta ko shi ne wanda mutanen ɓoyen suke so, sai ta sunkuyar da kai ta ƙara kuɗi. Ambrose ma ya rataya bututun roba a shagonsa yana cewa irin na jirgin Mala ne sak.

Mala ya sa tishun a leda yana nuna wa duk wanda ya shigo. Yakan ɗauko roba da reza ya gwada yadda ake yankan, yadda ake shafa giris, yana rantsuwa babu komai bayan wannan. Sai mai kaya ya waiga, ya rage murya ya ce, "Mun gane, Malam. Ai ba a faɗa." Na taɓa ganin ya jefar da rezar don takaici. Yanzu ya daina nunawa, jirgin kuma yana kan kanta yana shan ƙura.

Har yau ta bango ina jin sa yana yankan roba da irin natsuwar da, ba ya ha'inci ko kaɗan. A da in ya gama aiki, mai kaya kan juya injin ya ce, "Sannu Mala, hannunka da kyau." Yanzu sai ya karɓa da hannu biyu ya ce, "A gaishe su."

Shi kuma, da yake yana da iyali, sai ya ce, "Za su ji."