Wanzamin da Ke Ɗumama Hannu da Koko

Da sassafe a tashar trotro, wato motocin haya, ta Maamobi, wani dattijo yana zaune a bencin mai koko, zabirar wanzanci a cinyarsa. Ya sayi koko amma ba ya sha. Ya dai tallabe kwanon da tafukansa biyu, yana jiran zafin ya ratsa su.

Ina tsaye ina jiran mota, yatsunsa nake kallo. Gaɓoɓin sun kumbura, sun karkace, dama da hagu duk ɗaya. Na san irin hannun nan, shi innata ke fama da shi. Likita ya ce mana ba sammu ba ne, dakarun jiki ne ke aika wa juna saƙon yaƙi ta cikin jini, su far wa gaɓoɓin mai su. Da safe ya fi tsanani.

Ƙila shi ya yi wa rabin unguwar nan askin suna. Ƙila bai gaya wa kowa ciwon nan ba.

Wata mata ta ɓullo daga lungu. "Baba Wanzam, malamai sun gama addu'a fa! Kai kaɗai ake jira, a yi wa jariri aski."

"Ga ni nan, 'yata."

Ya zaro aska, sai da ya sa haƙori ta buɗe. Ya gwada ta a gashin hannunsa, leɓensa na motsi, sannan ya bi matar.

Motoci sai wuce ni suke. Kunnena na lungun nan, ina jiran kuka, ina roƙon Allah ya zama irin wanda kowane jariri ke yi.