Taku Goma Sha Huɗu

Koridon gidansu Auta taku goma sha huɗu ne, daga ƙofar fita zuwa bangon banɗaki. Yayanta ne ya auna, shi da ya yi shekara goma sha ɗaya yana aikin awon filaye kafin ciwon ƙwaƙwalwa ya zaunar da shi. A gidan ba a kiran ciwon da sunansa. Mama takan ce "yanayinsa", ta kuma rage murya ko da babu kowa.

Tun ranar da ya fice aka yi kwana biyu ana nema, aka tsince shi a bayan gari yana auna gonar wani da igiyar shanya, ƙofar gidan ta zama a kulle. Da 'yan'uwa suka zauna shawara, ba a daɗe ba. Mama tana da shagon zare da maɓallai, yayyenta mata biyu suna da ofis da yara. Aka juyo aka dubi Auta.

"Ai ke dama kina gida," in ji babbarsu.

Gaskiya ne, tana gida. Wani kamfanin aika kaya take yi wa aiki ta kwamfuta, ita ke amsa saƙonnin waɗanda kayansu ya ɓata ko ya iso a fashe, shi ya sa abokan aiki suke kiranta Mai Ƙorafi. Ba ta taɓa haɗa ido da ɗayansu ba. Teburinta yana ɗakin kwana, ƙofar a buɗe rabi, ta jingina madubi a jikin kujera yadda za ta riƙa hango koridon ba tare da ta juya ba. Makullin gidan yana cikin wani kofi mara hannu a gefen kwamfutar. Yaya kuwa tun safe yake sintiri, ya je bango ya dawo ƙofa, yana ƙirga takunsa a bayyane. In ana taro, yatsanta ba ya barin maɓallin kashe murya. Ta san daidai lokacin da zai gifta: tana jin "bakwai" ta danna, tana jin "goma" ta saki. Shekara biyu kenan, ba a taɓa jin sa ba.

Wata Litinin Oga, shugabar sashensu, ta ce kamfani zai tara gudummawa ga wata ƙungiya mai taimakon masu ciwon ƙwaƙwalwa, kowa ya kawo dabara tunda ba a haɗuwa. Wani ya ce a yi kacici-kacici. Wata ta ce kowa ya yi girki a gaban kyamara a zaɓi gwani. Wani kuma ya ce a biya a leƙa ɗakin kowa, a ga wanda ya fi ƙazanta. Auta ta lura duk dabarun nan sai an kunna kyamara. Sai Dogo, mai tsara hanyoyin motoci, ya ce a yi gasar tafiya: kowa ya sa manhajar ƙirga taku a waya, kamfani ya ba da wani abu a kan kowane taku dubu, na wata ɗaya.

"Wannan ta yi," in ji Auta da sauri. Rabon da ta sa baki a taro har ta manta.

"Madalla," in ji Oga. "Ku fita ku sha iska. Zaman ɗakin nan shi ke kashe mu."

Kwana uku Auta ce ta ƙarshe a jeri. Taku ɗari uku da ɗoriya, daga tebur zuwa kicin.

"Mai Ƙorafi, a kan gado kike aiki ne?" Dogo ya rubuta a zauren hirarsu. "Kakata ta fi ki, kuma da sanda take."

A rana ta huɗu ta manta wayar a kan firji. Yaya ya ɗauka ya jefa a aljihu, don yakan so jin rediyo a cikinta. Da yamma ta duba, ta ga dubu ashirin da uku. Kafin ta gama mamaki saƙonni sun fara zubowa. Ina kika je? Wane takalmi kike sawa? Ƙafarki ba ta ciwo? Shekara biyu mutane suna rubuto mata a kan kwalaye da lambobin kaya, yau ne wani ya tambayi ƙafarta. Ta fara rubuta cewa kuskure ne, ta kai rabi, ta goge.

Washegari da hannunta ta saka masa wayar a aljihu, ta ce an ba shi aikin ƙirga taku.

"Wa ya ba da kwangilar?" Yaya ya tambaya.

"Wajen aikinmu. Duk takun da ka yi, za a ba wasu marasa lafiya taimako."

"Wane irin ciwo?"

"Na... damuwa haka."

"Irin nawa kenan." Ya dube ta ta saman gilashinsa. "Ki riƙa faɗa kai tsaye, Auta. Kaina ne ya taɓu, ba kunnena ba."

Daga ranar ya ɗauki abin aiki. Ya nemi takalminsa na fita, ya yi wanka ba a roƙe shi ba, ya samo wani tsohon littafin awo ya ja layuka. Ƙarfe takwas yake farawa, ya huta a ci abinci, ya tashi ƙarfe biyar. Kowace yamma sai ya gwada nasa adadin da na wayar, kuma kowace yamma sai an yi rigima.

"Wannan abar ba ta ƙirga juyi. In na kai bango na juya, ba taku ba ne? Wa ya koya mata aiki?"

Mama ta ga yana cinye abincinsa, ta ce addu'a ce ta fara ci.

Ran da wata ya cika, Auta ce ta ɗaya, ta ninka Dogo har da saura. Oga ta kira ta da murna. Za a yi taron rufewa ranar Juma'a, wata ma'aikaciyar ƙungiyar za ta shigo, kuma an yanke cewa wadda ta ci za ta kunna kyamara ta nuna wa kowa hanyar da take bi.

"Ko minti biyar ne. Mu ga titin nan da ya cinye mana Dogo."

Auta ta lissafa mafita, ta ga babu. Ba za ta iya sauka titi ta bar shi shi kaɗai ba. Ta roƙi Mama ta zauna rabin yini, sai da ta faɗa mata dalili. Mama ta ajiye jakarta a hankali.

"Ki ce kyamararki ta lalace."

"Na faɗi haka sau huɗu a bana."

"Ki ƙara na biyar. So kike a riƙa nuna mu da baki a matakala? Yaran yayyenki su shiga makaranta a ce ga jinin mahaukaci? Na rufa wa yaron nan asiri shekara uku, ba ke za ki tone ba saboda wasan ofis."

Ranar Juma'a Mama ta fita shago, Auta ta kulle ƙofa ta mayar da makulli kofi. Ƙarfe huɗu fuskoki suka jeru a kan kwamfuta, nata gurbin baƙi. Ta riga ta shirya ƙaryarta. Oga ta karanto jimillar takun da ta yi, aka tafa. Sai Auta ta lura koridon ya yi shiru. Ta dubi madubi. Yaya yana tsaye a bakin ƙofarta cikin riga mai guga, ya ɓalla maɓallan har wuya, littafin awo a hammata.

"Ba daidai ba ne," ya ce a hankali. "Sun cinye mana taku dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu da shida. Na marasa lafiya ne, Auta."

"Mai Ƙorafi, muna jiranki," in ji Oga.

Yatsanta yana kan maɓallin kamar kullum. Ta ɗauke shi. Ta kunna kyamara, ta ɗaga kwamfutar da hannu biyu, ta fita da ita ta saita koridon: farin bango, tabarmar roba da tsakiyarta ta goge, ƙofa a kulle.

"Ga hanyar. Taku goma sha huɗu ce. Ba ni na taka ba, yayana ne. Ba shi da lafiya, ba ya fita. Ni ma ba na fita."

Yaya ya matso, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya kamar ya zo duba fili, ya buɗe littafi ya karanto gyaransa, ya bayyana musu batun juyi.

"Ranka ya daɗe," in ji Dogo daga ƙarshe, "ashe ƙwararre ne ya kayar da ni. Na huce."

Oga ta yi gyaran murya ta ce za a gyara adadin, batun ƙa'idar gasa kuma ita da Auta za su yi magana ranar Litinin. Ma'aikaciyar ƙungiyar ba ta yi dogon jawabi ba. Ta turo wa Auta saƙo ita kaɗai: lambar waya, da cewa suna zuwa har gida su duba mutum, amma sai iyali sun amince.

Auta ta kwafe lambar a takarda ta naɗe, ta saka a kofi tare da makulli.

Da yamma Yaya ya miƙo mata wayar.

"Gobe wa za mu yi wa aiki?"

Sai aka ƙwanƙwasa, bugun Mama, uku a jere. Auta ta zura hannu cikin kofin, ta fito da makullin da takardar tare, ta nufi ƙofa. Yaya yana biye da ita yana ƙirgawa.